Kada Ya Wuce Ɗari da Talatin

Sati shida bayan an binne Jesse a Wusasa, Dakta Najla ta juyo da fuskar kwamfuta ta nuna wa Tamar hoton zuciyarta. Wani abu ne toka-toka yana motsi a cikin baƙi. Likitar ta ɗora bakin biro a gefe guda.

"Malama, kin ga nan? Tsokar ta fi yadda ya kamata kauri. Irin ciwon ƙanenki ne, amma naki bai kai nasa ba, ko kusa."

Tamar ta ce, "To."

"Gado ne. Ba wani abu kika yi ba, ba wani abu kika ci ba."

"To."

Likitar ta ɗan dube ta, ta jira ko za ta yi tambaya. Da ba ta yi ba, sai ta ci gaba. Ta rubuta mata magani. Ta ce ba a hana ta motsa jiki ba, zama wuri ɗaya ma ya fi illa, amma tsere da gasa sun ƙare. Tafiya da sauri, sassarfa kaɗan, shi ke nan. Ta yago takarda ta rubuta lamba da manyan baƙi ta ja layi biyu a ƙasanta.

"Ɗari da talatin a minti ɗaya. Kada bugun zuciyarki ya wuce nan. Ki nemi na'urar da za ta riƙa auna miki duk lokacin da kike atisaye. Amma ki ji ni da kyau, na'urar ba magani ba ce, lamba kawai take faɗa. In kika ji jiri, ko ƙirjinki ya ɗaure, ki tsaya ko da lambar tana casa'in. Marigayin ya bar yara?"

"Yarinya ɗaya. Pamela. Shekararta tara."

"A kawo ta mu duba."

Tamar ta linke takardar gida huɗu ta sa a jaka. Ta yi godiya ta fito. A bakin asibitin ta tsaya ta sayi gyaɗa, ta ci rabi a cikin a-daidaita-sahu, ta bar sauran a kan kujera.

Shekararta arba'in da uku, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyar da wasanni da motsa jiki a wata makarantar 'yan mata da ke Nassarawa GRA. A nan take zaune, cikin ɗakunan malamai da ke bayan filin wasa. Da ƙuruciya 'yar tsere ce, mita ɗari takwas take gudu, kuma ita ta koya wa Jesse gudu tun yana firamare, tana gaba yana bin ta yana kuka. Da ya girma ya samu aikin akawu a wata ma'aikata a Kano, ya auri Loretta, suka zauna a Badawa. Bai daina gudun ba. Kowace Asabar da sassafe yakan haɗu da abokansa a wajen filin sukuwa, su zaga titunan GRA kafin motoci su fito. A wata Asabar ɗin ce ya faɗi a titin Lamido. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa talatin da tara.

Tamar ba ta yi kuka ba a asibitin, ba ta yi ba a coci, ba ta yi ba a makabarta. Ita ta riƙe mahaifiyarsu, ita ta raba abinci, ita ta raka baƙi bakin hanya. Mutane suka riƙa cewa Tamar akwai ƙarfin hali. Ita kuwa ta san ba ƙarfin hali ba ne. Ji take kamar an zuba mata ruwa a kunne, komai daga nesa yake zuwa. Tana cin abinci in lokacinsa ya yi, tana kwanciya in lokacinsa ya yi. Ko da likita ta ce ciwon yana jikinta ita ma, ta lalubi tsoro a cikinta ba ta same shi ba.

Takardar ta yi sati uku a jaka. A makaranta ta daina shiga gudu da ɗalibai kamar yadda ta saba. Sai ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da usur a wuya, ta busa su tashi, ta busa su tsaya. 'Yan matan suka lura, amma ba wadda ta tambaya.

Ranar wata Juma'a da yamma, da ta je sayen ragar ƙwallon raga ta makaranta, sai ta tuna da takardar. Shagon Alhaji Idi yana saman wani bene kusa da titin Sultan, cike da takalman gudu da ƙwallaye da injinan motsa jiki da ba a cire musu leda ba. Dattijo ne mai son hira, ya yi wasan ƙwallon hannu a zamaninsa, kuma a wurinsa take sayen kayan makaranta tun zuwanta Kano. Ya sake yi mata ta'aziyya, ta amsa. Sai ta fito da takardar ta miƙa masa.

Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ta.

"Malama, ke ma?"

"Haka suka ce, Alhaji."

"Allah ya sawwaƙe. Allah ya ba da lafiya."

Ya buɗe gilashin kanta ya jero abubuwa uku a gabanta. Na farko agogon hannu ne mai faffaɗar fuska. Ya juya bayansa ya nuna mata wasu 'yan fitilu kore suna ƙyaftawa.

"Wannan da haske yake karanta jini a wuyan hannu. Shi mutane suka fi so, don ba wahala, ki ɗaura ki manta. Yana ƙirga taku, yana ƙirga barci, in an kira ki ya nuna. Amma gaskiya zan gaya miki. In kika yi gumi sosai, ko hannun yana ta lilo, yakan yi kuskure. Kuma yana da nawa. Zuciya ta riga ta hau, shi sai can daga baya zai faɗa."

Na biyu maɗauri ne da ake ɗaurawa a damtse. Ya ce ya fi agogon kama gaskiya, amma shi ma da hasken yake aiki, kuma sai an riƙe waya a hannu kafin a ga lambar. Na uku bel ne baƙi na roba mai ɗan akwati a tsakiya, tare da wani ƙaramin agogo marar ado.

"Wannan a ƙirji ake ɗaura shi, ƙarƙashin riga. Sai kin ɗan jiƙa cikinsa da ruwa. Shi bugun da kansa yake ji, ba ya jira. Matsalarsa takura, musamman da zafin nan namu. Wasu sukan saya su yi sati biyu su jefa a durowa." Ya ɗaga bel ɗin. "Irinsa marigayi ya saya a wurina bara, sai dai agogonsa ya fi wannan, yana nuna hanya da nisa."

Tamar ta ɗauki agogon mai faffaɗar fuska ta ɗaura. Ya nuna saba'in da huɗu. Ta tsaya tana kallon lambar. Ta koma saba'in da biyar, ta dawo saba'in da huɗu.

"Wanne kike gani?" in ji Alhaji Idi.

"Duk ɗaya ne a wurina."

"A'a, Malama, ba ɗaya ba ne. Ga mai neman rage ƙiba ɗaya ne. Ga mai wannan takardar ba ɗaya ba ne."

Ta kwance agogon ta ajiye. Ta ce za ta yi tunani ta dawo. Ta ɗauki ragarta ta sauka daga benen, kuma kafin ta kai ƙofar makaranta maganar ta fita daga ranta.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Loretta ta zo. Ta bar Pamela wurin maƙwabta. Ta rame, rigar da take sawa a da ta yi mata yawa. Suka gaisa, Tamar ta kawo mata ruwa. Loretta ba ta sha ba. Ta buɗe jaka ta fito da wata farar leda ta asibiti ta ajiye a kan tebur.

"Yaya, kayan da suka cire a jikinsa ne. Zoben da makullin na ɗauka. Wannan na kasa."

A cikin ledar akwai agogon Jesse da bel ɗin ƙirjinsa, an nannaɗe su tare. Har da wayar cajin ta haɗo.

"Abokansa sun ce komai yana ciki. Duk abin da ya faru ran nan. Na ɗauko shi ya fi sau goma, in na kai hannu sai in mayar. Kowa ce mini yake bai sha wahala ba, bai sha wahala ba. Su ina suka sani? Ni so nake in gani. Ke kin san waɗannan abubuwan."

Tamar ta jona agogon a wuta. Suka zauna suna jira. A waje wasu ɗaliban kwana suna wanki suna waƙa. Bayan kamar minti goma fuskar agogon ta kawo haske. Tamar ta danna ta shiga inda yake ajiye tarihin gudu. Na ƙarshe yana sama, da kwanan watan.

Ta karanta a bayyane, da irin muryar da take kiran sunayen ɗalibai. Jesse ya fara gudun ƙarfe shida da minti goma sha biyu. Bugun zuciya ɗari da arba'in da takwas, ɗari da hamsin, ɗari da hamsin da biyu. Haka ya tafi har minti talatin da huɗu. Daga nan layin ya miƙe sama tsaye, ya wuce ɗari biyu, ya karye.

"Daga hawan zuwa karyewar, minti nawa?" Loretta ta tambaya.

Tamar ta matso da agogon kusa da idonta.

"Bai cika minti biyu ba. Kuma likitata ta ce in zuciya ta rikice haka, mutum yakan suma tun da farko. Sauran bai sani ba."

Loretta ta gyaɗa kai. Ta sake gyaɗawa.

Agogon bai san an faɗi ba, don haka ya ci gaba da ƙirga. Ya zana hanyar da motar ta bi da shi daga titin Lamido zuwa asibiti. A ƙasa akwai wani ɗan hoton kofi, da rubutu cewa ya yi kilomita mafi sauri a rayuwarsa. Loretta ta karɓa ta karanta da kanta. Wata dariya ta kufce mata, gajera, sai ta rufe baki da gefen mayafi ta fara kuka, kafaɗunta suna rawa. Tamar ta matsa ta dafa ta. Tana dafe da ita tana kallon ƙofa, tana lura cewa labulen ya yage ta ƙasa, yana son ɗinki.

Da Loretta ta shiga banɗaki wanke fuska, Tamar ta sake ɗaukar agogon. Ba don wani dalili ba, hannunta ne kawai ya ci gaba da dannawa. Ta buɗe Asabar ɗin da ta gabaci wannan. A tsakiyar gudun layin bugun ya yi wani tsini, ya hau ɗari da casa'in da takwas ya sauko cikin daƙiƙa kaɗan. Ta buɗe wadda ke bayanta. Akwai shi. Ta koma baya wata uku, ta ƙirga bakwai. Sai ta shiga inda ake saita ƙararrawa. An taɓa sa iyaka, ɗari da tamanin. An kuma kashe ƙarar.

Ta san ƙanenta. Abin zai riƙa yi masa tsuwa a tsakiyar abokai, su yi masa tsiya, shi kuma ya ce na'urar ce ta samu matsala, ya danna ya kashe. Har muryar da zai faɗa ta ji. Ta jira ta ji haushi, ko baƙin ciki, ko wani abu. Abin da ta ji kawai shi ne tafin hannunta ya yi sanyi. Ta fita daga wurin, ta kife agogon a kan tebur.

Loretta ta dawo idonta jajur.

"Yaya, na ji an ce ke ma an ce ki nemi irinsa. Ki riƙe wannan. Mai kyau ne, ya daɗe yana sonsa kafin ya saya. Na fi so ya zauna a wurinki."

Tamar ta ɗaga bel ɗin. Yana nan a faɗin ƙirjin Jesse, robar ta ɗan saki, gishirin gumi ya bushe fari a cikinsa.

"A'a, Maman Pamela. Ki ajiye shi. Wata rana yarinyar za ta so ta ga abin ubanta."

"Ba kya so?"

"Ba zan iya sa shi ba."

Loretta ba ta matsa ba. Ta mayar da kayan cikin leda. Tamar ba ta gaya mata zancen tsinin nan bakwai ba, ba ta gaya mata zancen ƙararrawar ba. Amma a bakin ƙofa ta ce, "Likita ta ce a kai Pamela a duba ta. Gado ne."

Loretta ta tsaya cak da jaka a hannu.

"Tun yaushe ta ce?"

"Sati uku."

"Sati uku, Yaya? Kina zaune da wannan maganar sati uku?"

"E."

Loretta ta dube ta kamar za ta faɗi wata magana mai zafi, sai ta haɗiye. Ta ce, "Ranar Alhamis. Tare za mu je, don ni ban san hanyar wurin ba, kuma ba zan iya ni kaɗai ba."

"Tare za mu je."

Washegari da aka tashi daga makaranta Tamar ta hau benen Alhaji Idi. Yana sallar la'asar a kan darduma bayan kanta, ta zauna a kan wani benci na ɗaga ƙarfe har ya sallame. Ya shafa addu'a ya miƙe.

"Malama, an gama tunanin?"

"Na ƙirjin nan za ka ba ni, da ƙaramin agogon. Yana ƙara?"

"Yana yi. Yana kuma girgiza a hannu, in ba kya son mutane su ji."

"Ƙarar nake so. Mai ƙarfi."

Ya fito da shi daga kwali, ya sa masa batir, ya nemi takardar likita ya sake dubawa, ya saita iyakar a ɗari da talatin. Ya gwada ƙarar. Wata siririyar tsuwa ce mai shiga kunne, har wani mai sayen takalmi ya waiwayo.

"To, in ya dame ki, ga yadda ake kashe ta. Ki danna wannan, sai ki..."

"Kada ka nuna mini, Alhaji."

Ya ɗago ya dube ta. Bai tambayi dalili ba. Ya zare littafin bayanin da ke cikin kwalin, ya juya shi a hannu, ya ce, "Wannan fa?"

"Ka riƙe a wurinka."

Ya jefa shi a durowa. Ya nuna mata yadda za ta rage bel ɗin daidai jikinta, ya matse amma kada ya hana numfashi, da inda za ta jiƙa, da yadda za ta ɓalle akwatin ta ɗauraye robar bayan kowane atisaye don kada gumi ya cinye ta. Ya ce batirin zai kai shekara, in ya mutu ta kawo. Ta biya ta sauko.

Ranar Talata darasin farko na 'yan aji biyu ne na babbar sakandare. Ta ɗaura bel ɗin a ɗaki kafin ta fito. Sanyin ruwan ya taɓa fatarta, daga baya ya ɗume. Yana takura, kamar yadda aka faɗa. Agogon ya nuna tamanin da ɗaya.

Ta tara 'yan matan a bakin fili. Ta ɗaga hannu ta nuna musu agogon.

"Yau zan zaga da ku. Wannan abin zai yi ƙara in na wuce inda aka ce in tsaya. Duk wadda ta ji, ta gaya mini."

Wata doguwa mai suna Maryam ta ce, "Malama, ba ki da lafiya ne?"

"Da sauƙi. Ku jeru."

Ta busa usur suka tashi. Ta bi su a baya, a hankali, ƙafafunta sun yi nauyi saboda wata biyu ba gudu. Casa'in da takwas. Ɗari da goma. Ta wuce ragar ƙwallo, ta wuce tankin ruwa. Jikinta ya fara tuna abin da ya sani, takun ya buɗe da kansa, ta kamo na ƙarshen layi ta wuce mutum biyu. Ba ta kai ƙarshen zagaye na biyu ba abin ya fara tsuwa.

Ba ta jin komai. Numfashinta lafiya, ƙirjinta lafiya, ƙafafunta suna son ci gaba. Ta yi taku uku, huɗu.

"Malama, yana kuka!" in ji Maryam daga gefe. Sauran suka ɗauka. "Malama, ki tsaya! Malama!"

Ta tsaya. Duk ajin ya tsaya tare da ita, suka kewaye ta suna haki. Ta ɗaga hannu tana kallon lambar, su ma suna leƙe. Ɗari da talatin da uku. Ɗari da talatin da ɗaya. Ɗari da ashirin da takwas, tsuwar ta ɗauke. Wata ta ce, "Alhamdu lillahi," wata ta yi dariya.

"Wa ya ce ku tsaya?" in ji Tamar. "Saura zagaye biyu."

Ta busa musu suka tafi, suna waiwayenta. Ita kuma ta bi gefen layi da tafiya, gumi yana bin ƙarƙashin robar. Da lambar ta sauko ɗari da biyar sai ta sake ɗaga ƙafa, a hankali fiye da ɗazu, ta bar su suka yi mata nisa.